Ina Za A Ajiye Saba: Ofis A Sakkwato, Legas, Turai Ko Gajimare?

Duk ƙaramar tawagar fasaha a Sakkwato, ko ta makarantar kuɗi ce, ko ta asibiti, ko ta kamfanin da ke dillancin taki da iri, ba ta daɗewa sai ta ci karo da tambaya ɗaya: shafin nan namu da manhajar da muka gina, a kan wace saba, wato kwamfutar da ke riƙe shafi tana miƙa shi ga masu buɗewa, za su zauna, kuma a wane gari? Hanyoyin huɗu ne. Ko a sayi saba a kafa ta a ofis, ko a kama hayar wuri a cibiyoyin adana bayanai na cikin gida, waɗanda akasarinsu a Legas suke, ko a yi hayar ƙaramar saba a Turai, irin wadda ake kira VPS, ko kuma a shiga gajimare, wato tarin sabobin da manyan kamfanoni ke bayarwa haya ta intanet, kamar AWS da Azure da Google Cloud. Kusan duk inda na ji ana wannan gardama, a kan nisa ake tsayawa, wai na kusa ya fi sauri. A ganina nisa ne mafi ƙanƙantar abin dubawa. Abin da ke kashe shafuka a garin nan wuta ce, da dala, da rashin wanda zai kula da sabar bayan an watse daga bikin ƙaddamarwa.

Amma bari mu fara da nisan, tunda shi ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya.

Haske a cikin wayar faiba yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya, wato kowane kilomita 1,000 yana ƙara wajen milisakan 10 a zuwa da dawowa (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya). Sakkwato zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne ta hanya. Legas zuwa Landan kuwa, ta wayoyin ƙarƙashin teku, zuwa da dawowa kan ɗauki kimanin milisakan 100. Kafin waya ta ga harafin farko na shafi mai alamar kwaɗo, sai ta je ta dawo aƙalla sau uku: ta haɗa layi, ta yi musayar makulli da sabar, sannan ta nemi shafin. Ka ga ke nan sabar da ke Turai ta ƙara wa mai buɗe shafi kusan kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa a kan wadda ke Legas. Ana jin wannan, ba ƙarya ba ne, musamman a manhajar da kowace dannawa sai ta tuntuɓi saba.

To yanzu ɗauki hoton shugaban makaranta da aka ɗauka da waya ranar yaye ɗalibai, aka ɗora shi a shafin farko yadda ya fito, megabait 4 cur. Ɗalibi yana Gwadabawa ko Wurno, sabis ɗinsa yana ba shi megabit 2 a daƙiƙa, in ma ya samu. Hoton nan shi kaɗai zai ci daƙiƙa 16 kafin ya sauka. In aka matse shi aka mayar da shi WebP, wani tsarin hoto mara nauyi, ya koma kilobait 150, ko daƙiƙa ɗaya ba zai cika ba. Ma'aunin da Google ke amfani da shi ya ce babban abin da ke kan shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma shafi ya amsa dannawa cikin milisakan 200. Wannan ma'aunin na biyu, INP, a watan Maris na 2024 ya fara aiki. Wanda ya bar hoton megabait 4 yana gardamar milisakan 300 bai san inda lokacinsa ke zurarewa ba. Ga kuma kuɗin data, da hukumar NCC ta amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Shafi mai nauyi daga aljihun ɗalibi ake biyan sa.

Akwai kuma abin da masu son sabar ofis ba su cika lura da shi ba. Sabar da ke Mabera ba lallai ta zama kusa da wayar da ke Runjin Sambo ba. Datar wayar hannu ba ta tsallakawa daga wannan unguwa zuwa waccan kai tsaye. Sai ta bi ta cibiyar kamfanin sadarwa, wadda sau da yawa tana wani babban birni mai nisa, in kuma layin ofishinku na wani kamfani ne daban, sai ta je inda kamfanonin biyu ke haɗuwa kafin ta juyo. Wanda ke shakka ya haɗa kwamfutarsa da wayarsa ya buga traceroute, umarnin da ke nuna hanyar da saƙo ke bi, zai ga garuruwan da saƙonsa ke zagawa kafin ya iso ɗakin da ke bayansa. Ban da wannan, layukan waya da tsarin Starlink na gida, wanda ya shigo Najeriya a watan Janairun 2023, galibi ba sa ba ka adireshin intanet naka na kanka wanda na waje zai iya ƙwanƙwasawa. Adireshi ɗaya ake raba muku ku da yawa. Akwai dabarun kauce wa haka, irin su Cloudflare Tunnel, amma ka ga tun ba a je ko'ina ba an fara dogara da na waje.

Sai babbar magana, wuta da zafi. Ƙa'idar da masu cibiyoyin bayanai ke bi ita ce ɗakin saba ya tsaya tsakanin digiri 18 zuwa 27. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi ya haura digiri 40 ba labari ba ne, in hunturu ya shigo kuma ƙura ta karɓi aiki. Na taɓa buɗe wata saba a ɗakin ajiyar kaya na wata makaranta, tana jingine da buhunan alli da tsofaffin rajistoci. Ƙura ta danƙare a kan fankokinta kamar an liƙa musu bargo, ɗaya ta daina juyawa gaba ɗaya, sauran suna ihu. An jingina mata fankar tsaye, wadda ita ma sai an kawo wuta take aiki. Ba wanda ya yi sakaci da gangan. An dai saye ta ne da kuɗin aiki, aka manta cewa kullum sai ta ci.

Lissafin ba ya da wuya. Saba mai cin wat 300 tana buƙatar kilowat-awa 7.2 a yini. Dare ɗaya na awa 12 ke nan kilowat-awa 3.6. Batirin inbata mai 200Ah da bolt 12 yana riƙe kilowat-awa 2.4 a rubuce, amma in na ruwa ne rabin wannan kawai za ka ja in kana son ya yi ƙarko. Batir uku ke nan don sabar kaɗai ta kwana a kunne, ba a zo kan na'urar sanyaya ɗaki ba, wadda ta ninka sabar ci. Kuma batirin ruwa shi ma zafi na cin sa: duk ƙarin kusan digiri 10 a kan 25 yana rage rabin kwanansa. Rana kam Allah ya hore mana, sola tana aiki a Sakkwato fiye da garuruwa da yawa, amma farantan sai ana share musu ƙura, batir sai an canza, janareta kuma tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 kowa ya san yadda take. Wutar gari ta dogon layi take zuwa mana, daga Kainji ta biyo ta Birnin Kebbi, in layin ya samu matsala kowa ya ji a jikinsa. Sabar ofis doki ce: kuɗin saye ba shi ne abin tsoro ba, harawar kullum ce.

Duk da haka akwai inda ba ta da na biyu. Tsarin da ake amfani da shi a cikin gini ɗaya, kamar katin marasa lafiya a asibiti, ko jarrabawar kwamfuta a ɗakin gwaji, ko lissafin kaya a babban shago, bai kamata ya tsaya don intanet ta ɗauke ba. Mu a jihar nan mun ga abin da ya fi yankewar faiba: a watan Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 saboda matsalar tsaro. Asibitin da ke can, in bayanansa suna Legas ko Jamus, duk ɗaya ne, ba ya isa gare su. Irin wannan aiki a ajiye shi a gida. Sai dai ba sai an sayo tsohuwar saba mai ƙugi ba. Ƙaramar kwamfuta mai cin wat 20 zuwa 30 ta wadaci asibiti mai ma'aikata 'yan ƙalilan, batir ɗaya ya kwana da ita, kuma ba ta neman ɗaki mai sanyi kamar waccan. Sharaɗin kawai, duk lokacin da sabis ya samu ta tura kwafin bayanai waje.

Shafin da jama'a za su shiga daga gidajensu kuwa, kamar fotal ɗin biyan kuɗin makaranta da duba sakamako, ofis ba wurin zamansa ba ne. Nan gardamar gaskiya take, tsakanin Legas da Turai.

Masu makarantar ko kamfanin galibi hankalinsu ya fi kwanciya da abin da suke gani. Wani dattijo mai makaranta, da aka kawo masa batun hayar saba a Jamus, cewa ya yi da yaron da ke kula musu da kwamfutoci: "To kai ɗana, in kayan nan suna Turai, ran da anka rufe mu, ƙofar wa za ni bugawa?" Yaron ya ce: "Ranka shi daɗe Alhaji, ai saƙo ake tura musu." Alhaji bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Tambayarsa ta fi ta milisakan nauyi.

Abin da Turai ke da shi araha ne da inganci. Kamfanoni irin su Hetzner a Jamus da Finland, ko DigitalOcean a Landan da Frankfurt da Amsterdam, suna ba da ƙaramar saba a kan 'yan daloli ko yuro a wata, ta tashi cikin minti ɗaya ko biyu, ka ƙara mata ƙarfi ranar da sakamako ya fito ka rage bayan mako. Wuta da sanyi ba naka ba ne. Littattafan koyarwa da amsoshin matsaloli sun cika intanet, domin dubban mutane sun riga ka bin hanyar. In a kan ingancin na'ura da farashi kaɗai za a yi hukunci, da an gama magana.

Amma kuɗin dala ne. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Tawagar da ke biyan dala 50 a wata ta tashi daga naira 23,000 zuwa 75,000 ba tare da an ƙara mata ko megabait ɗaya ba, alhali kuɗin makaranta sau ɗaya ake tsayar da shi a shekara. Hanyar biyan ma ta zama aiki: daga 2022 bankuna da yawa suka dakatar da amfani da katin naira a waje, sai a tsakiyar 2025 wasu suka buɗe, shi ma da iyaka. A tsakanin nan shafuka nawa ne suka mutu ba don an yi musu kutse ba, sai don kati ya ƙi wucewa, saƙon gargaɗi ya tafi imel ɗin da ba wanda ke buɗewa, kamfani ya goge sabar bayan wa'adi. Can ba a san ka ba balle a yi maka uzuri.

Sai teku. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka yanke a gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ta yi rauni a yammacin Afirka, manhajojin wasu bankunan Najeriya suka tsaya, gyara ya ɗauki makonni. An samu sauƙi ne da aka karkatar da zirga-zirga zuwa wayoyin da ba su yanke ba, irin su Glo-1 da Equiano ta Google, wadda ta sauka Legas a 2022. Shafin da ke zaune a Legas, a cibiyar da ke haɗe da IXPN, wato mahaɗar da kamfanonin intanet na cikin gida ke musayar zirga-zirga tun 2006, ba ya buƙatar ƙetare teku kafin ya iso Sakkwato. Mahaɗar tana da rassa har a Abuja da Kano. Sai dai a yi hattara. In sabarka tana Legas amma shafin yana ɗauko haruffansa da wasu kayan aikinsa daga sabobin Amurka, ranar da teku ta yi halinta shi ma zai tsaya yana juyi. Mai son cin moriyar zama a gida sai ya tattaro duk kayan shafinsa gida.

Cibiyoyin Legas ba na wasa ba ne. Akwai Rack Centre a Ikeja, akwai MDXi ta MainOne, wadda Equinix ta saye a 2022 a kan dala miliyan 320, akwai Medallion da ta koma hannun Digital Realty. Amma ƙaramar tawaga ba da su take ciniki kai tsaye ba, sai ta hannun kamfanonin da ke sayar da wuri a cikinsu, kuma a nan ne inganci ke bambanta ƙwarai. Na gida galibi ya fi tsada in aka gwada ƙarfi da ƙarfi, domin su ma da dala suke sayo na'ura, da dizil suke kunna ta. Abin da kake saye da ƙarin shi ne biya da naira ta tiransifa, da rasit da akanta zai karɓa, da mutumin da za ka kira ya ɗauka. Wani abin lura kuma: kamfani ya zama na Najeriya ba ya nufin sabarsa tana Najeriya. Da yawa dillalai ne, sun yi hayar saba a Amurka ko Turai suna yankawa suna sayarwa da naira. Ba laifi ba ne, har ma yana warware matsalar kati, amma ka tambaya a rubuce a wane gari na'urar take, ka karɓi adireshinta ka auna da kanka daga MTN da Airtel da Glo, da rana da kuma bayan isha'i lokacin da layi ke cika.

Doka ma tana da ta cewa. Dokar kare bayanai ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ba ta hana fitar da bayanan mutane waje ba, amma ta gindaya sharaɗin cewa inda za a kai su akwai isasshiyar kariya. Ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 in aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, tarar manyan masu riƙe bayanai tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Bayanan lafiya suna cikin waɗanda dokar ta fi tsanantawa a kansu. In kuwa aikin na gwamnati ne, tun 2013 ƙa'idojin NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, suka ce bayanan gwamnati a cikin ƙasa za a ajiye su, kuma Galaxy Backbone, ta gwamnatin tarayya, tana da cibiyoyi a Abuja da Kano don haka. Mai neman kwangilar ma'aikata ya cire Turai daga lissafinsa tun farko.

Manyan gajimare ba zan daɗe a kansu ba, domin yawancin tawagogin garin nan ba su kai buƙatarsu ba. AWS ta buɗe yankinta na Cape Town a 2020, ta ƙara ƙaramin reshe a Legas a farkon 2023, ta fara karɓar naira a 2025, ko da yake da dala ake yanka farashin. Microsoft tana Afirka ta Kudu tun 2019, Google ta buɗe a Johannesburg a 2024. Kada sunan Afirka ya ruɗe ka, Cape Town ba kusa ba ce, kuma ta fi yankunan Turai tsada. Matsalarsu ga ƙaramin mutum ita ce lissafi ba ya tsayawa wuri ɗaya: ana cajin awa, ana cajin ma'aji, ana cajin duk gigabait ɗin da ya fita, kusan senti 9 a yankunan Turai. Saiti ɗaya da aka manta a kunne, ko makullin shiga asusu ɗaya da ya faɗa hannun ɓarayi suka kunna sabobi da shi suna haƙar kuɗin kirifto, ya isa ya kawo takardar bashin da ta fi albashin tawagar duka. Su ma kuma suna faɗuwa. Ranar 20 ga Oktoba 2025 matsala a yankin AWS na gabashin Amurka ta tsayar da manhajoji da dama a duniya. Wanda ke da abokan ciniki masu biya da dala, da injiniyan da ya san kan abin, to ya shiga. Wanda ke son ya ce "muna kan AWS" a taro kawai, ya haƙura.

Akwai abin da ke rage kaifin gardamar Legas da Turai, shi ne a sa CDN a gaban shafi. Aikinsa ya riƙe kwafin hotuna da sauran kayan da ba sa canzawa a wuraren da ke kusa da masu shiga, ya kuma tare ambaliyar buƙatun ƙarya da ake turowa don a durƙusar da saba. Cloudflare tana da cibiya a Legas, kuma tsarinta na kyauta ya ishi yawancin shafuka. Don ka san daga ina ake amsa maka, ƙara /cdn-cgi/trace a bayan sunan shafinka; in ka ga colo=LOS, Legas ce, in ka ga LHR, Landan ce, domin ba kowane layi ake amsa wa daga Legas ba. Sai dai shiga asusu da duba sakamako da biyan kuɗi ba a ajiye kwafinsu, dole su isa ainihin sabar. Kuma ka san ka ƙara wani wanda in ya faɗi ka faɗi, kamar yadda aka gani ranar 18 ga Nuwamba 2025 da Cloudflare ta samu matsala. Duk da haka ni ban ga dalilin barin shafin jama'a ba tare da shi ba.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ya kamata ya yanke hukunci, kuma shi aka fi tsallakewa: wa zai kula da ita?

VPS, ko a Legas ko a Frankfurt, fanko ake miƙa maka. Kamfani ya ɗauki wuta da na'ura, duk abin da ke ciki naka ne. Kunna sabuwar saba ka dawo bayan 'yan awanni ka buɗe rajistar shiga, za ka tarar da jerin adireshi daga ƙasashen da ba ka taɓa zuwa ba suna gwada shiga da sunaye da kalmomin sirri irin su root da admin da 123456, layi bayan layi. Ba wanda ya san ka a cikinsu, na'urori ne ke shara dare da rana. Don haka maganar "wa zai damu da ƙaramar makaranta a Sakkwato" ba ta da tushe. Kariyar farko ba ta cin ko kwabo: a rufe shiga da kalmar sirri a koma makullin SSH, wato hanyar shiga saba daga nesa cikin sirri, kada a bar ƙofar 3389, ta shiga Windows daga nesa, a buɗe ga duniya, a sa tabbaci mai mataki biyu a duk asusun da ke da iko, a kunna sabuntawar tsaro ta atomatik. WannaCry, manhajar kulle bayanai don neman kuɗin fansa da ta girgiza duniya a watan Mayun 2017, ta shiga ne ta ɓarakar da Microsoft ta riga ta toshe tun Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ta ci. Har yau akwai sabobi a kan tsofaffin manhajoji, irin su CentOS 7, wadda aka daina tallafa wa ranar 30 ga Yuni 2024, da PHP 7.4 da ta ƙare tun Nuwambar 2022. A shafukan da aka gina da manhajar WordPress kuwa, waɗanda sun haura kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, ɓarnar galibi daga ƙarin kayan da ake liƙawa take zuwa, musamman na kuɗi da aka sauko da su kyauta daga inda ba a sani ba. Wanda ya ba ka kyautar ya bar wa kansa ƙofa a ciki.

Aikin kuma ƙaruwa yake. Takardar shaidar da ke sa alamar kwaɗo ta fito a shafi, irin wadda Let's Encrypt ke bayarwa, kwana 90 take yi, kuma a 2025 masu tsara ƙa'idar suka amince a riƙa rage iyakar kwanakin kowace takarda: kwana 200 daga Maris 2026, kwana 100 daga 2027, kwana 47 daga 2029. Mai sabuntawa da hannu sau ɗaya a shekara zamaninsa ya wuce. In ba a saita ta tana sabunta kanta ba, wata safiya iyaye za su buɗe fotal su ga jan gargaɗi, su kira shugaban makaranta kafin kai ka farka. Ko sa ido ma akwai na kyauta, irin su UptimeRobot da ke leƙa shafi duk minti 5 ta turo saƙo in ya faɗi, amma sai in akwai mai karanta saƙon.

Saboda haka tambayar da zan yi wa tawaga kafin kowace ita ce, ku nawa ne kuka iya shiga sabar ku gyara ta? In mutum ɗaya ne, kuma ran da ya tafi Illela ɗaurin aure ko ya kwanta zazzaɓi ba mai maye gurbinsa, to kada ku ɗauki VPS fanko ko ta wane gari ce. Ku biya ƙari ku ɗauki tsarin da kamfani ke kula da sabuntawa da takardar kwaɗo da kwafin kullum. Za ku rasa 'yancin taɓa wasu saituna, kuma a mafi yawan lokuta alheri ne.

Kwafin ajiya kuwa ba ruwansa da zaɓin da aka yi. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin hayar saba na OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda kwafinsu ke cikin harabar suka rasa uwa suka rasa 'ya. Masu kulle bayanai don neman kuɗin fansa su ma kwafin suke fara nema. Tsohuwar ƙa'idar tana nan: kwafi 3, a kan ma'aji iri 2, ɗaya a wani wuri daban. A nan ne ma ofishin Sakkwato ke da amfani ga mai saba a waje: ƙaramin faifai a durowa da ake sauke masa rumbun bayanai kowane mako, a cire shi daga kwamfuta in an gama. Kuma kowane zango a gwada dawo da kwafin a wata na'ura a ga ko yana buɗewa.

In aka ce in zaɓa: makarantar kuɗi ko ƙaramin kamfani mai shiga da naira, masu amfani duk a Najeriya, ma'aikacin fasaha ɗaya, su ɗauki kamfanin gida mai kula da saba wanda suka tabbatar na'urarsa tana Legas ko Abuja, su sa CDN, su matse hotuna. Tawaga mai mutum biyu ko uku da suka iya Linux, manhajar da ke tafiyar da yawancin sabobi, da hanyar biyan dala da ba ta yankewa, VPS a Turai za ta ba su ƙarfi fiye da kuɗinsu, muddin sun biya watanni a gaba kuma sun sa ragowa a kasafi don ranar da naira ta sake zamewa. Asibiti ya ajiye ƙaramar na'ura a gida, kwafi a kulle yana tafiya waje. Aikin gwamnati, cikin ƙasa.

Kowanne aka ɗauka, a duba da sunan wa aka yi rajista. Sau da yawa ɗan bautar ƙasa ne ko wani ɗalibi mai hazaƙa ya gina shafin, ya sayi sunan .ng ko .com da imel ɗinsa, ya biya da katinsa, lambar tabbaci tana zuwa wayarsa. Shekara ta zagayo ya koma garinsu, sunan ya ƙare, ba wanda ya san kalmar sirri. Sunan shafi da asusun kamfanin haya da na CDN duk a buɗe su da imel ɗin ma'aikata wanda aƙalla mutum biyu ke iya shiga, a buga lambobin ceto na tabbaci mai mataki biyu a takarda a sa a ambulan, a ba Alhaji ya kulle a sef tare da takardun fili, a kuma rubuta ranar ƙarewar kowane biya a kalandar akanta.